Madubi Biyu Kafin Mauludi

Talata Mafara, farkon watan Safar

Zuwa ga ɗan kawuna Shamsuddeen, a Dubai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Surayya da yara. Yaya aiki? Yaya zafin ƙasar mutane? Yaya ciwon bayan nan da ya dame ka bara? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. An rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya, mun koma zamanin iyayenmu. Malam Surajo direba, mai jigilar Sakkwato, shi zai ɗauki hotonta can inda akwai sabis ya tura maka. In ka ba da amsa ta wayarsa, zai sa a buga a takarda ya kawo mini.

Mutanen gida suna gaishe ka. Goggo Nagode tana Bakura, hawan jinin ya ɗan lafa, sai dai ba ta jin magana a kan gishiri. Damina ta yi albarka, dawa ta fi mutum tsawo, shinkafar Bakura ta fara nuna. Kasuwar Talata an dakatar da ita, gari ya yi shiru kamar ba Mafara ba. Ɗantani, ƙanen maigidana marigayi Malam, yana nan yana kula da mu. Mufida surukata lafiya lau, ɗiyarta Zuhura ta fara tsayawa tana kama bango. Ni ma alhamdu lillahi, sai ido da ya fara gajiya. In na buɗe Alƙur'ani bayan isha'i sai wasulan su riƙa haɗewa, da hadda nake ƙarasawa.

Abin da nake roƙo gare ka shi ne madubi, irin wanda ake gani da shi cikin duhu, guda biyu. An ce a can wurinku akwai shi. Ina so ya iso kafin Mauludi. Allah ya ba ka iko, ya saka maka da alheri.

Ga bayan takardar. Na bar maganar sai nan don ban san yadda uwa ke fara ta ba.

Mijin Mufida, ka san wanda nake nufi, ɗan farin da bakina bai taɓa kiran sunansa ba, yana hannun mutanen daji. Ya tafi yankan gero gonarmu ta Gidan Goga, suka tare su a hanyar dawowa Maradun. An sako waɗanda aka kama su tare, shi aka riƙe. Mun sayar da gonar fadama an kai musu abin da suka fara nema, suka karɓa, ba su sake shi ba. Wani cikin abokan tafiyarsa, da duka ya yi tsanani, ya ce musu ai wannan yana da ɗan'uwa a ƙasar Larabawa mai aikin tura kaya. Ban riƙe mutumin a zuciya ba, don ban san abin da ni zan faɗa ba in ni ake duka. Shi ne suka ce yanzu ba kuɗi suke so ba, madubin nan suke so. In Mauludi ya wuce babu, sun ce kada a sake aika musu kowa.

Hamma, Bafulatanin da muka yi maƙwabtaka da shi a Gidan Goga, shi ke shiga tsakani. Shi ya kawo saƙon.

Ba mu da kowa a waje sai kai.

'Yar'uwarka,
Taibatu

*

Dubai, tsakiyar Safar

Zuwa ga baiwata Taibatu.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na ga takardarki, na ji daɗi ƙwarai. Mu duka lafiya, baya ya yi sauƙi. Surayya tana gaishe ki, ta ce rubutunki ya fi nawa kyau, na ce mata ai ɗiyar mace ce, dole ta gyara hannu in za ta rubuta wa ubangijinta. A gaishe da Goggo, a ce mata in ba ta bar gishiri ba zan zo da kaina in kwashe na gidan.

Ashe tsufa ya kama ki, taubashiya! Ke da kike karanta allo daga bayan ɗalibi. Kuma madubi har biyu? Ɗaya na karatu, ɗayan fa? Ko na hangen sabon miji ne? In haka ne a sanar da ni da wuri, ni ne waliyyi, kuma ba zan yi araha ba.

Wanda ya ce miki akwai tabarau mai gani cikin duhu ya yi miki wasa. Mai ido ma sai ya kunna fitila. Na sa abokina Ahmad a Sakkwato ya sayo miki tabarau na karatu guda biyu, ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ki gwada ki ga wanda ya dace. Na ce ya haɗa da fitila mai cajin rana. Zai ba Malam Surajo tare da wannan takarda. Kin ce kafin Mauludi, ga shi tun Safar bai ƙare ba. Ki shaida ubangijinki ba ya wasa da bayinsa.

Ni da aikina kullum shi ne tantance kayan da doka ta hana a fitar daga ƙasar nan, kwali bayan kwali har idona ya yi ja, yau na ji daɗin kayan da babu wanda zai tambaye ni takardar izininsa.

Kin lissafa mini kowa har da mai kama bango, amma ba ki ce komai a kan Ishaq ba. Na sani, na sani, ɗan fari, kunya. To ni ba na jin kunyarsa. Ki ce masa ya yi mini shiru da yawa, kuma in sabuwar shinkafa ta fito bai ajiye mini buhuna ba, mu haɗu.

Ubangijinki,
Shamsuddeen

*

Talata Mafara, Safar

Shamsuddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Ka yi haƙuri, gaisuwar yau gajera ce.

Saƙonka ya iso. Da Malam Surajo ya yi sallama da kwali a hannu, Ɗantani ya bar alwala rabi ya aika a kira Hamma. Mufida ta fito ko mayafi babu. Muka taru a zaure. Ɗantani ya yanke igiyar da haƙori, don ya kasa jiran wuƙa. Ya fiddo tabarau, ya juya shi, ya ɗaga shi sama.

Ya ce, “Wanga shi na madubin?”

Hamma ya karɓa ya sa a ido, ya cire, ya ajiye a tabarma a hankali. Ya ce, “Inna Taibatu, wanga na malamai na.”

Mufida ta yi dariya. Ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan ta koma abin da ba dariya ba, sai da muka kama ta muka kai ɗaki.

Na karanta takardarka na kai inda kake tambayar buhun shinkafa, sai na gane. Na tambayi Malam Surajo ko ya ɗauki hoton bayan takardata. Ya riƙe gemu ya ce, “Wallahi Hajiya ban san da rubutu baya ba. Na ga kin kai ga Allah ya saka maka da alheri, nic ce an gama.” Dattijo ya tsaya yana zubar da hawaye a zauren mutane. Ban ga laifinsa ba. Kai ma ban ga naka ba.

Yanzu ga maganar a fuskar takarda, kuma zan rubuta ta yadda ba za a karanta ta biyu ba. Ishaq yana hannun ɓarayin daji. Ishaq ɗana. Na rubuta sunan, Allah ya gani, hannuna bai karye ba. Sun kama shi a hanyar Gidan Goga tun ƙarshen Muharram. An kai musu fansa sun ƙi sakinsa. Sun ji labarinka, sun ce sai an kawo musu madubin ganin dare guda biyu kafin Mauludi, in ba haka ba kada a sake nemansa. Madubin ba nawa ba ne, nasu ne.

Hamma ya ce babbansu yana da irinsa ɗaya da ya lalace. Sun kwafi haruffa da lambobin da ke jikinsa a wani yankin kwali suka ba shi. Na sa Malam Surajo ya ɗauki hoton kwalin gaba da baya, a gabana zai nuna mini in ya dawo. Ni ban san mene ne ba. Na ɗauka wani abu ne kamar tocila.

Rabin lokacin ya tafi a kan tabarau. Don Allah ka duba da wuri.

Taibatu

*

Dubai, ƙarshen Safar

Yaya Taibatu,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mu lafiyarmu lau, amma tun da hoton ya shigo ban iya cin abinci ba. Na koma na karanta wasan da na yi miki, na ji kamar in bi takardar in ƙwato ta. Ki yafe mini. Allah ya kuɓutar da Ishaq, ya ba ki haƙuri.

Dole in gaya miki gaskiyar abin da suka nema, kuma sai na fara da aikina, don ban taɓa yi miki bayaninsa ba.

Duk kayan da kamfaninmu zai ɗora a jirgi sai sun bi ta teburina. Akwai waɗanda kowa ya san an hana, bindiga da harsashi, su ba su da wuya. Masu wuya su ne masu fuska biyu. Sinadarin da ake rini da shi, kuma ana haɗa guba da shi. Ƙaramin jirgin da ke ɗaukar hoton biki, kuma yana leƙen sansanin soja. Ba na bin sunan da mai kaya ya rubuta a kwali, kowa na iya rubuta kayan wasan yara. Lambar jikin abin nake dubawa, da ƙarfinsa. Sannan in tambaya ina za shi, me za a yi da shi, a hannun wa zai ƙare. Wannan ta ƙarshen ita ce aikin gaba ɗaya. In mai kaya ya kasa amsa ta da takarda, kayan ba su fita.

Lambar da kika aiko na san ta tun kafin in buɗe kwamfuta. Ba tocila ba ce. Kayan soja ne, ana ɗaura shi a kan bindiga. Ba haske yake bi ba, ɗumin jiki yake gani. Ko babu wata babu tauraro, in mutum ya kwanta cikin ciyawa ko tsakanin karan dawa, zai fito fari fat a cikin madubin, shi kuwa bai san ana kallonsa ba. Ba a sayar da shi a shago. Ba ya fita ƙasar nan sai da izinin hukuma, hukuma kuma ba ta bayarwa sai an nuna mata wace runduna ce za ta riƙe shi. Wanda aka kama yana fitar da shi ta bayan fage, kurkuku ne mai tsawo.

Na yi tunanin in sayi na mafarauta, mai kama da shi a ido, wanda ba a hana ba. Amma kin ce babbansu ya riƙe na gaske. Daren farko zai gane, kuma a kan Ishaq zai huce.

Ki sa Hamma ya koma ya ce musu abin ba ya samuwa. Ya tambaye su wani abu dabam. Ina da fili a Gusau, zan sayar. Surayya ta ce a haɗa da gwal ɗinta. Duk abin da za a iya bayarwa ba tare da an ba su idon ganin mutane ba, zan bayar.

Ki rubuto da wuri.

Ƙanenki,
Shamsuddeen

*

Talata Mafara, daren ganin watan Mauludi ya wuce

Shamsuddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Surayya, Allah ya saka mata. Goggo ba ta sani ba har yanzu, mun ce mata yana Maradun. Ba ƙarya ba ce, dajin a ƙasar Maradun yake, amma duk lokacin da na faɗa sai na yi istigfari.

Hamma ya je ya dawo. Sun ƙi. Babbansu ya ce fili da gwal ai ko yaushe yana samu, abin da ya faɗa shi ya faɗa. Ya ce mai aikin tura kaya ba zai rasa yadda zai tura kaya ba.

Sun bari Hamma ya gan shi. Yana ɗaure da wasu a gindin itace, ƙafarsa ɗaya ta kumbura inda sarƙa ta ci. Hamma ya ce yana sallah a zaune. Ya tambayi Zuhura ko ta fara tafiya. Ya ce a gaya mini kada in tayar da hankalina. Ka ji, shi ke cewa haka.

Na karanta wa Ɗantani takardarka. Bai bari na kai ƙarshe ba.

Ya ce, “Doka! Mu za a yi wa zancen doka? Ina dokar take ranar da anka kama yaron? Shi shina can cikin sanyin ofis shina duba lamba. Ki ce mai in ɗan cikinai na, lamba zai duba?”

Na ce, “Ɗantani, ka ji abin da madubin ke yi.”

Ya ce, “Na ji. In ba mu ba su ba, wani na ba su. Sai mu yi asarar yaro a banza?”

Mufida ba ta ɗaga murya ba. Ta zo ta durƙusa gabana da yarinyar a baya, ta ce, “Inna, ke yake jin maganarki. In kin ce ya aiko, zai aiko.” Ban iya duban ta ba.

Shamsu, ni ba na ce ka karya dokar mutanen da kake ci a ƙasarsu ba, ba na kuma ce ka jefa Surayya da yaranka a wahala ba. Tambaya nake, kuma Allah ya san zuciyar da nake tambaya da ita. Babu hanya ne sam, ko akwai hanya kai ne ba ka so? Ka gaya mini gaskiya ko wacce ce. Watan ya tsaya. Yara sun fara koyon waƙoƙin Mauludi a makarantar bayan gidanmu, ina jin su daga ɗaki.

Taibatu

*

Dubai, farkon Rabi'ul Awwal

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Kin nemi gaskiya. Akwai hanya. Da can na sani, ban faɗa ba.

Akwai wani mutum da na taɓa tsayar wa kaya, na san abin da yake yi. Na neme shi. Ya ce zai iya samo su, kuma za su iso kafin ranar. Abin da yake so gare ni sa hannu ne kawai, in ga kwali in ce ban ga komai ba. Bayan wannan kuma na zama nasa, duk ranar da ya kawo wani kwalin ba ni da bakin hana shi. Na san haka.

Ban gaya wa Surayya ba.

Ni na yi wa Ishaq huɗuba a kunne ranar da aka haife shi, lokacin Malam ya yi tafiya. Ba zan iya zama a teburin nan ina duba lamba yana ɗaure ba, Ɗantani bai yi ƙarya ba. Amma kuma ba zan iya yanke wannan ni kaɗai ba. Na san abin da madubin ke yi, ke kuma kin san mutanen da za a kalla da shi. Ni na daɗe da barin gida.

Mutumin yana jiran amsa zuwa Juma'a. Ki rubuto kalma ɗaya. In kin ce e, zan sa hannu, kuma ba zan taɓa cewa ke kika sa ni ba.

Shamsuddeen

*

Talata Mafara, Laraba

Shamsuddeen ɗan kawu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya tsare zuriyarka. Malam Surajo ya ce zai tafi Sakkwato yau ko babu fasinja, don takardar ta riga Juma'a.

A'a. Kada ka sa hannu.

Da takardarka ta zo na rubuta e. Na rubuta, na naɗe, na sa ƙarƙashin matashi ina jiran gari ya waye. Ba zan ɓoye maka ba.

Akwai wata mata, Batulu, daga wani ƙauye kusa da Dosara, muka ba ta ɗakin zaure ita da 'ya'yanta tun da aka tashe su. Ba ta san komai game da madubi ba. Jiya da hantsi muna surfe, na tambaye ta yadda suka fita. Ban taɓa tambaya ba, ban san abin da ya sa na tambaya jiya ba.

Ta ce, “Dawa munka shiga. Duk garin, kowa da nashi. Nik kwanta bisa ƙaramin, nis sa mai nono ya toshe baki. Sunka wuce kusa da ni har ina jin warin man babur. Suna haska tocila, tocila ba ta ratsa dawa.” Ta ɗaga taɓarya ta ci gaba da daka. Can ta ce, “Ai mu duhu ar rahamarmu, Taibatu. Da sun gan mu da ba ki da mai taya ki surfe.” Har ta yi dariya.

Ƙaramin yana zaune gefen turmi yana cin tsaki.

Ka ce tambayar aikinka ita ce a hannun wa abu zai ƙare. Ni na san hannun. Na kuma san waɗanda ke kwana cikin dawa daga Dosara har Garbadu, wasu na yi musu wankan jego, wasu na koya musu Fatiha. Ban je wurin malami ba. Na san abin da zai ce, kuma na ji tsoron in ya faɗa zan tashi in nemi wani malamin.

Na gaya wa Ɗantani da Mufida da bakina, don kada su ɗora maka. Ɗantani ya ce, “Ke kinka kashe shi, ba su ba.” Ya fita. Mufida ta ce, “Inna, ɗiyan wasu kinka zaɓa.” Na ce mata e.

Hamma zai koma gobe da maganar filin da gwal, ya ce zai durƙusa musu. Ka taya mu da addu'a. Ka rabu da mutumin nan, kada ka sake zama inda yake.

Taibatu

*

Talata Mafara, ƙarshen watan Mauludi

Zuwa ga ɗan'uwana Shamsuddeen.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa, ina fatan kai da Surayya da yara kuna lafiya. Takardunka biyu sun iso, na ga ka janye daga mutumin, alhamdu lillahi. Ka yi haƙuri da shirun da na yi. Ba ni da abin rubutawa, daga baya kuma na samu na kasa.

Allah ya yi wa Ishaq rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ɓarayin sun riƙe Hamma a wurinsu har Mauludi ya wuce, suna cewa wataƙila mu canza magana. Washegari suka kira shi suka nuna masa gawar Ishaq. Ya roƙe su suka ba shi mutum biyu cikin waɗanda ke ɗaure, suka yi masa wanka da ruwan da ya samu, suka yi masa sallah, suka rufe shi a gindin wata kirya. Hamma ya ce ya daidaita shi ga alƙibla da kyau, ya sa duwatsu don ya gane wurin. Na tambaye shi ko ya sha wahala. Ya ce, “Inna, kada ki tambaye ni wanga.” Ban sake ba.

An yi zaman makoki. Ɗantani ya shimfiɗa tasa tabarmar a ƙofar gidansa, masu gaisuwa suka riƙa zuwa wuri biyu. Har yau in mun haɗu yana amsa sallama, ba ya ƙarawa. Goggo ta sani yanzu. Mufida tana takaba a gidan mahaifinta a Bakura, ta tafi da Zuhura. Da za ta shiga mota ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba, ba ta rage komai ba, ba ta kuma dube ni ba. In yarinyar ta girma ta tambaya, ni zan gaya mata da bakina in ina raye. Kada kowa ya riga ni, kada kuma a gyara mata labarin.

Kada ka sayar da filin. Kada ka rubuto mini cewa na yi daidai. Mutane biyu sun faɗa mini haka wurin makoki, na ji kamar sun mare ni. Ban san ko na yi daidai ba. Na san dai abin da na kasa yi. Allah shi zai yi hukunci, ina roƙon ya sassauta mini.

Saura magana ɗaya, ita ta sa na ɗauki alƙalami. Hamma ya ce cikin waɗanda suka taya shi haƙa kabarin akwai wani matashin ɗan kasuwa, mutumin Bakura, yana da wa a ƙasar waje. Shi ma madubin suka ce a kawo. Sun ba danginsa lambar, irin wadda na aiko maka.

Ban san ta wace ƙasa za su nema ba. In Allah ya sa madubin ya biyo ta teburinka, ko da wane suna aka rubuta a kwalin, ka tsayar da shi. Amma kada ka yi wa mai kayan tsawa. Ka tambayi sunan uwar yaron, ka aiko mini, in je in zauna da ita.

Wassalam.

'Yar'uwarka,
Taibatu